Arlit: wa ke da alhakin wanda ɓarin jikinsa ya shanye?



A shirin lafiya na makon jiya, wata baiwar Allah ta kira mu daga wata unguwa ta bayan gari. Mai gidanta ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, buta ta kuɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Yau shekara biyu ke nan yana kwance, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, babbar ɗiyarsu ta bar lakwal don ta kama mata. Ta ce da ni: "Ɗan'uwana, ni ba roƙo na kira in yi ba. So nike a gaya mini, mutumen ga da ya ba garin ga ƙarfinshi, wa ad da alhakinshi yanzu?" Lokacin shiri ya ƙare ban ba ta amsar kirki ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Na yi alkawarin zan rubuto, to ga shi. Amsar tana cikin tarihin garin nan, don haka ku yi haƙuri mu koma baya kaɗan.

Yadda aka kafa garin

A 1957 ne masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da uraniyom a Azelik, kusa da Ingal, alhali jan ƙarfe suka fito nema. Bincike ya ci gaba a yammacin duwatsun Ayar har aka gano na Arlit. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka soma gina gari a 1969, uraniyom na farko ya fito a 1971. Cominak ta biyo baya: an kafa ta a 1974, ta fara aiki a 1978 a ramin Akuta, wajen mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, da hannun jarin Nijar da Faransa da Japan da Sipaniya. Saboda ita aka gina Akokan. Don ma'adinan nan aka kafa Sonichar a Cirozerin ta ƙona gawayi ta ba da wuta, kuma don su aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, wadda har yau ake ce mata hanyar uraniyom.

Iyayenmu sun zo daga ko'ina: Adar, Gobir, Damagaram, Zabarma, ga kuma Abzinawa da suka tarar a wurin suna kiwo. Lokacin mulkin Seyni Kountché kuɗin uraniyom ya yi tashin da ya sa ya zama fiye da rabin abin da ƙasa ke samu daga kayan da take fitarwa. Arlit ta yi suna har ana kwatanta ta da Paris. Wanda ya samu aiki ya samu gida a site, da ruwa da wuta, da kantin ma'aikata, da asibiti.

Batun asibitin nan shi ne kan maganarmu. Kowane kamfani ya gina nasa, kuma a zamaninsu suna cikin mafi kyawu a duk faɗin ƙasa. Gaskiya ne sun duba mutanen gari da makiyaya da yawa waɗanda ba ma'aikata ba, wannan ba wanda zai musa. Amma cikakken haƙƙi, wato magani da aiki da ɗaukar marar lafiya zuwa Yamai ko waje, yana tafiya ne da lambar aiki. Mai lamba da iyalinsa suna da haƙƙi, sauran jama'a suna samun alfarma. Ga site mai itatuwa, ga Bukoki da sauran unguwannin da suka tsiro a gefe, inda leburori da ƴan kwangila da ƴan kasuwa da masu jiran aiki suka zauna. Tun ranar farko lafiya a Arlit abin kamfani ce, kuma shi kamfani ma'aikaci mai ƙarfi yake lissafi da shi. Ba wanda ya zauna a 1970 ya tsara yadda za a yi da waɗannan samari idan sun kai shekara 60.

Da kasuwa ta faɗi

Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe da yawa suka ja baya da gina sabbin tashoshi, farashin uraniyom ya zube a shekarun 1980. Kamfanoni suka rage ma'aikata, mutane suka bar site suka koma cikin gari ko suka yi gida. A daidai wannan lokaci ita ma gwamnati aljihunta ya yi rauni. Bayan shawarar Bamako ta 1987, ƙasashenmu suka ɗauki tsarin marar lafiya ya biya wani abu a likita, Nijar ta mai da shi doka a 1995. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada nan take.

Ku duba abin da wannan ke nufi ga mai hawan jini, ko tansiyo kamar yadda muke cewa. Ciwo ne da ke son ƙwaya kullum har ƙarshen rai. Wanda ya saba karɓar magani kyauta da lambar aiki, ranar da lamba ta faɗi sai ya koma saye da ordonas. Wata ɗaya ya saya, wata biyu ya bari, tunda ba ya jin ciwon komai. Haka jini ke ta cin jijiyoyi a ɓoye har ranar da buta za ta faɗi.

A 2005 da 2006 gwamnati ta kawo kyautar magani: tiyatar haihuwa, awon ciki, da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mataki ne babba, ya ceci rayuka. Sai dai dattijo mai tansiyo da wanda ɓarin jikinsa ya mutu ba su shiga wannan jerin ba.

Gwagwarmayar da aka yi, da abin da ta koya mana

A farkon shekarun 2000 wasu ƴan garin nan suka kafa ƙungiyar Aghirin'man, ma'ana garkuwar rai da Tamajak, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa a lokacin ma'aikacin Somaïr ne. Sun ga abokan aiki suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, suka fara tambaya. Suka gayyato ƙungiyoyin CRIIRAD da Sherpa daga Faransa, waɗanda suka zo a Disamban 2003 suka auna ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa. Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009, ta fitar da rahotonta a 2010. A Disamban 2011 aka kafa OSRA, cibiyar sa ido kan lafiya ta jahar Agadas, don a riƙa duba tsofaffin ma'aikatan ma'adinai bayan sun bar aiki. Sherpa ta janye daga yarjejeniyarta da Areva a ƙarshen 2012, tana cewa ba a cika abin da aka shirya ba. A can Faransa, a 2012, wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi kan mutuwar wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin Cominak da kansar huhu ta kashe, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin a 2013. A 2016 ɗiyar garin nan, Amina Weira, ta fitar da fim ɗinta La colère dans le vent, inda duniya ta ga ƙurar Arlit ta kuma ji muryar tsofaffin ma'aikata.

Darasi biyu na ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, ƴan mutane kaɗan a gari mai nisan kilomita wajen 1,200 daga Yamai sun sa babban kamfani na duniya ya zauna teburin magana. Sun yi haka ne da rubuta sunaye, da ajiye takardu, da awo, da naci na shekaru. Na biyu, duk wannan faɗa an yi shi ne kan cututtukan da tururin uraniyom ke haddasawa, musamman kansa. Abin da aka kafa OSRA ta nema ke nan. Wanda jini ya buge, ko wanda ya faɗo daga babur kansa ya fashe, ba shi da gurbi a wannan ma'auni, ba shi da ƙungiya, ba shi da mai magana da yawunsa. Yana ɗaki, an sakaya labule.

Mene ne ciwon nan?

Likitocinmu suna ce masa AVC, mu muna cewa shanyewar ɓarin jiki. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Sashen da ya rasa jini yana fara mutuwa cikin mintoci. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya dama na jiki, kuma ga yawancin mutane a nan magana take. Shi ya sa za ku ga wanda damansa ya shanye sau da yawa harshe ma ya tafi.

Alamominsa a bayyane suke kuma farat ɗaya suke zuwa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, magana ta cakuɗe, wani lokaci gani ya dushe ko kai ya sara irin saran da ba a taɓa ji ba. Da yawa daga cikinmu in mun ga haka sai mu ce iska ce ta buge shi, a shiga neman hayaƙi da rubutu, a kwana biyu kafin a tuna da likita. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Kuma don Allah a daina ɗura wa mutum ruwa ko magani a baki a wannan hali, saboda haɗiya takan lalace, abin ya wuce huhu.

Dalilin gaggawa shi ne, akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga farawar alamu, kuma sai an ɗauki hoton kai da sikana an tabbatar ba fashewa ba ce, don in fashewa ce allurar kashewa za ta yi. To ku auna da kanku. Daga Arlit zuwa Agadas wajen kilomita 240 ne. Da can, lokacin da kwalta ke da rai, tafiyar ƴan awoyi ce. Duk wanda ya bi ta a shekarun nan ya san yadda ta koma. A yarjejeniyar da Nijar da Areva suka sa wa hannu a watan Mayun 2014 an ambaci yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. Ga mai AVC, lalacewar hanyar nan tana iya zama bambanci tsakanin tashi da kwanciyar shekaru.

Game da musabbabi, an yi babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya, wato a kan mutane irinmu masu cin abinci irin namu. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba, sai yawan kitse a jini, ciwon sukari, yawan gishiri, taba, da rashin motsa jiki, kuma cin ganye kullum yana ragewa. Ƙungiyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya tana cewa mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Yara masu emasi, wato sikila, su ma yana kama su tun suna ƙanana.

Sai ɗan'uwansa, raunin kai. A da haɗarin ma'adini da na manyan motoci muka sani. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban samari suka bi ta garin nan zuwa daji. Rami yana ruftawa, dutse yana faɗowa a ka, mota tana kifewa da mutane a saman kaya. A cikin gari kuma ga kabu-kabu, yaro da gudu ba hular kwano. Wanda ya tsira daga irin wannan rauni yakan dawo da ƙafafunsa lafiya, amma ya zama mai mantuwa, mai saurin fushi, ko farfaɗiya ta kama shi. Sai a ce ya taɓu, ko a ce ƙwaya yake sha, alhali ƙwaƙwalwa ce ta ji ciwo.

Abin da doka ta ce

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Tun farkon shekarun 1990 aka ware 31 ga Yuli ta zama ranar naƙasassu ta ƙasa. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da doka mai lamba 93-012 wadda ta shimfiɗa mafi ƙarancin kariyar da naƙasasshe ke da ita. A watan Yunin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2010 aka gyara dokar 1993, kuma tsarin ya tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu a duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. Waɗannan dokoki ba daga sama suka faɗo ba. Makafi da guragu da kurame da kutare ne suka haɗa ƙungiyoyinsu, suka dunƙule a tarayyar FNPH, suka yi ta bin ofisoshi shekara da shekaru.

A idon yarjejeniyar 2008, wanda AVC ya bar shi da shanyayyen hannu, ko ya ɗauke masa magana, ko raunin kai ya taɓa masa tunani na dindindin, naƙasasshe ne mai cikakken haƙƙi kamar kowa. Matsalar ita ce shi bai san haka ba, iyalinsa ma ba su sani ba. Dattijon da ya yi shekara 30 yana aiki yana jin kunyar a kira shi naƙasasshe. Wanda magana ta ɗauke wa ba zai je taro ya yi jawabi ba. Matar da ke jinya ba ta da awa ɗaya ta fita. Shi ya sa ba ka ganinsu a layin neman haƙƙi.

Akwai kuma asusun CNSS, wanda aka kafa tun 1965. Wanda aka yi wa rajista yana da haƙƙin kulawa da diyya idan ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyar aiki, akwai kuma fanshon naƙasa ga wanda ciwo ya hana shi aiki kafin shekarun ritaya, in ya cika sharuɗɗan zubi. Amma sai an kai rahoton haɗari da wuri, sai kuma mai aiki ya zuba kuɗin. Leburan da ba a rubuta shi ba, da mai haƙar zinariya, da ɗan kabu-kabu, duk suna waje.

A duniya ma magana ta motsa. A watan Mayun 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da tamu, suka amince da shirin shekara 10 kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, daga 2022 zuwa 2031. A Mayun 2023 suka zartar da ƙuduri na farko kan farfaɗo da marasa lafiya, wato aikin kine da koyar da magana da sauransu, cewa a sa shi cikin tsarin lafiya tun daga ƙananan likitoci. Takardu ne da za mu iya ɗagawa mu ce an sa hannu.

Daga 2021 zuwa yau

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, bayan ta fitar da tan wajen 75,000 na uraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka bar aiki da haƙƙoƙin sallama, ga ɗaruruwan ma'aikatan ƴan kwangila da suka yi ta kukan an bar su a baya. Aka tsara miƙa asibitin Akokan ga gwamnati. Waɗanda suka shiga rami suna samari yanzu su ne masu furfura, wato sun shiga shekarun da tansiyo ke kayar da mutum a daidai lokacin da inuwar kamfani ta janye.

Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 abubuwa suka bi da sauri. A Yunin 2024 aka karɓe lasisin Imuraren daga Orano. A watan Satumban 2024 ragin rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati ya fara aiki. A Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa, kamfanin da a da Orano ke da kashi 63.4 cikin 100, Sopamin ta Nijar ke da sauran. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne, shekara 50 ana jefa ƙwallo tsakanin kamfani da gwamnati kan wa zai ɗauki nauyin lafiyar mutanen Arlit. Yanzu mai ma'adini da mai asibiti da mai hanya duk hannu ɗaya ne. Ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta zama ɗaya.

Abin da ya kamata mu nema

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai ga ƙananan hukumomin jahar da aka haƙo su. Shugabanni da ƙungiyoyin farar hula na Agadas sun sha kokawa kan jinkirin zuwan kuɗin nan. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke riƙe da su. To buƙata ta farko gare su take: idan kason ya zo, a rubuta layi a kasafin kuɗi, baƙi da fari, don hawan jini da jinyar masu shanyewar jiki da raunin kai, kuma a karanta shi a rediyo kowa ya ji.

Na biyu, awon jini. Na'urar awo ba ta da tsada idan aka kwatanta da jinyar shekara ɗaya. A auna duk baligin da ya shiga likita ko da ciwon ido ya kawo shi, a fita awo kasuwa da tasha da ƙofar masallacin Juma'a, kuma magungunan tansiyo masu rahusa kada su yanke a kantin likita.

Na uku, hanyar gaggawa. Motar asibiti mai mai a ciki wadda ba sai iyali sun yi karo-karo ba, sikana mai aiki da ma'aikacin da ya iya ta a inda mutumin Arlit zai kai cikin awoyin da ake buƙata, da hanyar tura hoto ta intanet ga likitocin ƙwaƙwalwa na Yamai su duba su ba da shawara. Gyaran kwalta ma a lissafa shi cikin maganar lafiya.

Na huɗu, ɗakin kine na gwamnati a cikin Arlit, mai ma'aikata na dindindin. Watannin farko bayan bugun su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sabon koyo. Wanda aka fara motsa shi da wuri, aka koya masa zama da tsayuwa da riƙe cokali, sau da yawa yana komawa ya yi wa kansa abubuwa. Wanda aka bari kwance gaɓoɓi suna ƙagewa, gyambon kwanciya ya fito. A koya wa masu jinya yadda ake juya mutum duk bayan awa 2, da yadda ake ba shi abinci yana zaune. Mata ne ke ɗauke da wannan kaya, kuma ɗiyan da ake cirewa daga lakwal don jinya asara ce ta biyu.

Na biyar, rajista. Asibitocin garin nan su riƙa rubuta kowane AVC da kowane raunin kai, da shekarun mutum da aikinsa da awa nawa ya yi kafin ya iso, a fitar da jimilla kowace shekara. A faɗaɗa duban tsofaffin ma'aikata ya haɗa da awon jini da sukari, a sa ma'aikatan ƴan kwangila a ciki. Aghirin'man ta nuna mana cewa hukuma ta fi jin lissafi a kan kuka.

Na shida, hular kwano ga mai tuƙa babur da wanda ya ɗauko, da ta aiki ga masu shiga ramin zinariya. A fara da shugabannin ƴan kabu-kabu da masu ramuka, a sauƙaƙa kuɗinta, kafin a kai ga tara.

Na ƙarshe namu ne, ba na hukuma ba. Iyalan masu wannan lalura su haɗu su kafa ƙungiya, su yi mata takardu, su shiga tarayyar naƙasassu, su nemi sashen kula da jama'a ya yi musu bayanin haƙƙinsu da yadda ake samun shaidar naƙasa. Tsofaffin ƴan sindika na ma'adinai sun san yadda ake rubuta takardar buƙatu da yadda ake zama da hukuma, ga aiki ya same su. Malamanmu kuma su taimaka a huɗuba, su gaya wa jama'a cewa kai marar lafiya asibiti da gaggawa ba rashin tawakkali ba ne. Ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, 31 ga Yuli kuma tamu ce ta ƙasa. Ranaku biyu ke nan a shekara da za a iya zuwa gaban farfe da kantoma da takarda a hannu, a dawo bayan wata shida a tambayi ina aka kwana.

Baiwar Allah da kika kira, ga iyakar amsar da na samo miki. A tarihi, alhakin mai gidanki ya faɗa ne tsakanin kamfanin da ke duba mai lamba da gwamnatin da ke nesa. A doka kuwa, tun 1993 ƙasa ta rubuta cewa yana da haƙƙi a kanta, ta sake rubutawa a 2008 da 2019. Ki nemi takardunsa na aiki ki je ofishin CNSS a duba ko an taɓa zuba masa, ki je sashen kula da jama'a ki tambayi shaidar naƙasa, kuma a ci gaba da ba shi maganin tansiyo, don wanda ya bugu sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. Yarinyar nan kuma, don Allah dangi da maƙwabta ku karɓa mata ta koma aji.

Ku da ke karantawa, in akwai mai irin wannan lalura a gidanku, ku rubuto mana unguwa da shekarar da abin ya faru, ba sai da suna ba. Za mu tara mu karanta jimillar a shiri mai zuwa, mu gayyato likita da wakilin naƙasassu su amsa tambayoyinku kai tsaye. Kafin nan, duk wanda ya haura 40 ya je a auna shi cikin makon nan, ya ja mahaifinsa da mahaifiyarsa su tafi tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri.